Allurar gudun maigidana

Likitar ta ajiye sakamakon gwajina, ta juya wajen maigidana. Ta ce, "Matarka lafiyarta ƙalau. Kai ne ba mu taɓa dubawa ba. Kana amfani da wani magani?"

Ya ce babu. Ni kuwa da zuciya ɗaya na ce, "Sai dai allurar gudunsa."

Tun da muka tare a unguwar Wangsa Maju, a nan ƙasar waje, maigidana ya shiga cikin masu gudun fanfalaki na ƙarshen mako. Da yaran jami'a suka fara barin sa a baya, wani abokin gudunsa ya ce ai sinadarin ƙarfin namiji, wato testosterone ɗinsa, ne ya yi ƙasa, ya haɗa shi da mai sayar da allurar sinadarin. Ko jininsa ba a ɗiba ba. A durowa ɗaya yake ajiye allurar da sassaƙen da surukata ke aiko min daga Kano don in samu ciki.

Aka gwada shi. Allurar ta tsayar da ƙwayoyin haihuwarsa cak. Likitar ta ce idan ya daina suna iya dawowa, amma ba ta yi mana alƙawari ba.

Muna cikin jirgin ƙasa za mu gida surukar tawa ta kira.

"'Yata, kina dai shan maganin ko?"

Na dube shi. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalmin gudunsa.

"Ina sha, Hajiya."

'Yan'uwa mata, ku gaya min tsakani da Allah: rufin asirin miji a ina yake tsayawa?