Tsani na Biyu

Jiya da hantsi gobara ta tashi a ɗakin maƙwabcina, a ƙauyenmu na bayan Ɗanbatta. Na haye rufin don in ɓamɓare kwano a samu hanyar zuba ruwa, kada wutar ta kai ga rumbunan gero. Da na ji azara na ƙara a ƙarƙashina sai na juya, na ga wuta tana lasar tsanin da na hau. Shi kaɗai na jingina. Dirowa na yi cikin turken awaki, mata suna ta salati.

Ba targaɗen ne ya dame ni ba. Kawuna marigayi na tuna, tsohon ɗan kwana-kwana. Wata gobarar kaka, ina saurayi, ya cafke rigata a gindin tsani, hannunsa na warin hayaƙi.

"Ina na biyun?" in ji shi. "Kafa wani ta inda iska ke fitowa tukuna. Wanda ka hau ba lallai ya jira ka ba."

Ni ya koya wa wannan darasi, ga shi har na yi furfura ban riƙe ba. Yau ta bayan gari na zagaya, don na kasa bi ta ƙofar gidansa ina ɗingishi.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya tsare shi daga wutar da ba ta da hanyar fita.