Kawu Ilu da Shukarsa Mai Cin Ƙuda

Duk wanda ya san Kawu Ilu na Karare ya san ba a gama gaisawa da shi a tsanake. Kana cikin "ina gajiya, ina iyali" sai ka ga idonsa ya bar fuskarka, hannunsa ya yi wuf, ya cafke ƙuda a kafaɗarka. Ba ya kashewa. Sai ya kai dunƙulen hannun kunne ya saurara, ya ce, "Madalla, da ransa. To, ina shanu?"

Ƙudan nan abincin Uwar Tulu ne, wata shuka da ya dawo da ita daga Kudu bayan ya daɗe yana aikin lambu a can. A ƙarshen kowane ganye akwai ɗan tulu mai jan leɓe da murfi, da ɗan ruwa a ciki. In ƙuda ya faɗa, sai ka ji yana kuka, yana kuka, sai shiru. Shirun nan ne ban taɓa sabawa da shi ba. Awakin garinmu, da ke cinye har takardun karatuna, ba wadda ta taɓa kai mata baki.

Maƙwabcinsa Alhaji Mati ya leƙa sau ɗaya ya ja da baya.

"A'uzu billahi! Ilu, ciyawa mai cin nama? Wannan ai ta mutanen ɓoye ce."

"Kai da ka tashi da rabin rago ran Sallah, wa ya kira ka aljani?"

Ga ta da tsirfa, ba ta shan ruwan rijiya sai na sama. Da damina Kawu yakan cika randa uku ya liƙe bakinsu da laka. Wata rana baƙo ya zo daga Yasore cikin zafin bazara, matarsa Inna Hajo ta nufi randa, ya daka mata tsawa.

"Haba Malam, baƙo ne fa!"

"Ɗebo masa na rijiya. Shi da kakansa rijiya ta raine su."

Shekarar da 'yan bindiga suka matsa mana, rabin gari ya watse, gidaje a buɗe ba kowa, Kawu ya tafi ta'aziyya Runka, hanya ta rufe masa kwana goma. Kafin ya tafi ni ya bar wa amana, ya sa na rubuta dokokinta da ajami: ruwan sama, inuwa, ƙuda biyu. Bai ambaci taki ba. Ni kuwa ɗan manomi ne. Na dube ta a cikin yashi da gansakuka, ko gero ba zai tsira a ciki ba, tausayi ya kama ni. Na tona gindinta na zuba mata takin awaki da toka, na rufe, ina ganin na yi aikin lada.

Ran da ya dawo, tulu ɗaya ya yi baƙi ƙirin, tun daga leɓe har gindi, kamar an ƙona ba wuta. Kawu ya tsuguna ya ƙirga sauran.

"Shida," in ji shi a hankali. "Ba ta taɓa yin haka ba. Kwanakina take ƙirga mini."

Na buɗe baki, tsoro ya rufe shi. Bayan kwana uku wani ya bi, sannan wani. Kawu ya bar gona, ya bar majalisa, yana zaune gabanta yana jan carbi. Ya aika Batsari aka yanko masa likkafani. Ya bi sauran gidajen da ke da mutane yana neman gafara. Mata suka daina bi ta ƙofarsa.

"Malam ƙarami, yi mata rubutu mana," ya ce mini.

"Kawu, ba a yi wa ciyawa rubutu."

"To, ni ka tanadar mini addu'a."

Da ya rage saura biyu, Inna Hajo ta tare ni a zaure tana hawaye, ta ce yau kwana uku ko fura bai kurɓa ba. Na ga shiruna zai kashe mutum. Na shiga na durƙusa na faɗa masa komai.

Ya cusa yatsa cikin yashin, ya ciro, ya sansana. Sai ga mutumin da ake tayarwa zaune ya miƙe tsam da sanda!

"Kashin akuya! Ina nan ina jiran Mala'ikan mutuwa, ashe akuyar Mati ce ta aiko!"

Har ƙofar masallaci ya kai ni da gudu. Ina jin sa yana komawa yana ihu, "Hajo, tuwo! Malmala biyu!" Randa guda ya ƙarar wajen wanke saiwarta, ya yanke baƙaƙen ganyen, ta farfaɗo.

Sai da ya ƙara shekara huɗu. Ran da ciwon ajalin ya zo da gaske, ya riƙe hannuna ya ce, "Ni dai na yafe maka takin nan. Ita ce ban sani ba."

Ran sadakar uku na leƙa rumfar Uwar Tulu, riƙe da ruwan sama a moɗa. Tulunan duka sun yi baƙi, ba wanda ya taɓa ta. Ban tambayi kowa ba, Allah ne masani.

Ya Allah, bawanka ne da ya tausaya wa abin da kowa ke gudu. Ka tausaya masa, Ka sanyaya makwancinsa, Ka shayar da shi ruwan Alkausara. Amin.