Takalmin Gudu da Tsinken Tsintsiya

Ranar da likita ta ce mini sugana ya hau, ban ji sauran bayaninta sosai ba, ƙafafuna kawai nake kallo. Ciwon nan ne ya ci ƙafar Innarmu ta hagu. Da ɗan miki ya fara a babban yatsa, wanda ko kula shi ba mu yi ba, ya ƙare a ɗakin tiyata. Bayan an yanke, duk Sallah sai mun saya mata takalmi, kuma ba mai sayar maka da ƙafa ɗaya. Na dama ya cinye, na hagu ya zauna sabo fil a ƙarƙashin gado. Da ta rasu ni na share ɗakin, ni na kwaso su. Kukan da na yi a kan takalman nan ya fi wanda na yi ranar da aka fita da ita.

Saboda haka da likita ta ce magani kaɗai ba zai isa ba, sai na riƙa tafiya da sauri kullum har da ɗan gudu-gudu, ban yi mata musu ba. Na ƙudurta a raina, in Allah ya yarda, da ƙafafuna biyu za a kai ni kushewa.

Maƙwabciyarmu a Tarauni wata malamar makaranta ce 'yar Filato, ta yi ritaya, ta daɗe tana fita gudu da sassafe. Da can dariya nake mata ta taga, babbar mace da kambas kamar 'yar firamare. Yanzu ni ce a ƙofarta.

Ta dubi ƙafata ta ce, "Hajiya, da silifas ɗin nan za ki bi ni? Ki nemi takalmin gudu mai soso a ƙasa. Masu gwanjo suna nan Gyadi-Gyadi."

Ni kuwa tunda nake ban taɓa zama a bakin titi ina gwada takalmi gaban maza ba. A gidanmu in Sallah ta matso, Inna kan zaro tsinken tsintsiya ta sa ka taka, ta karya shi daidai babban yatsa, Baba ya tafi kasuwa da tsinkaye a aljihu. Haka na yi wa 'ya'yana, don haka na yi wa kaina. Na auna da safe, na ba maigida. Da yamma ya dawo da wani fari mai laushi, ya zura tsinken a ciki yana nuna mini ya zauna cif, yana ta jin kansa kamar shi ya ɗinka.

Fitar farko daɗi kamar ina taka katifa. A hanyar dawowa ne yatsa ya fara dungurar gaban takalmin. Na ce sabo ne, zai saki. Bai saki ba. Kafin mako ya zagayo, na cire safa wata safiya na ga bororo ya fashe a babban yatsana, kuma na hagu. Na zauna daɓas a tsakar gida, tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Maigida ya leƙo ya gani, ya ce, "Ki haƙura da gudun nan haka. Ba ga magani kina sha ba?"

Na ce, "Inna ma tana shan magani, Alhaji."

Sai ya ɗauko mukullin mota. Aka yi ta wankin ciwo a asibiti, ina zaune a gida ina cika ina batsewa, har Allah ya sa ya warke sarai.

Da na ba Malama labarin tsinke, ta yi dariya har da riƙe ciki. "Hajiya, tsinke yana kumbura ne? Ƙafa in ta sha tafiya buɗewa take. Da yamma za mu, kuma a ƙasa, sai ta kumbura sannan ki gwada."

Bayan La'asar muka taka har Gyadi-Gyadi. Takalma ga su nan shimfiɗe kan buhu, wasu an rataye su da igiyoyinsu, kusa da inda 'yan adaidaita sahu ke jiran fasinja. Na zauna kan benci, na cire silifas, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Mai kayan ya zaɓo mini guda biyu. Ɗaya shuɗi ne kyakkyawa, sosonsa ya yi tudu, in ka danna yana lotsawa kamar sabon burodi. Ɗayan ruwan toka, mummuna, gabansa faffaɗa, sosonsa da ɗan tauri.

Ya ce, "Hajiya, shuɗin nan shi ne na manya. Ba za ki ji ƙasa ba sam."

Raina ma shuɗin yake so. Amma farin da ya ji mini ciwo shi ma laushi gare shi, kuma na daina yarda da zaƙin bakin kowa a kan ƙafata.

Malama ta ce, "A zaune ba za ki sani ba. Tashi ki ɗan ruga."

Na ce, "A nan? Gaban mutane?"

Ta ɗaga kafaɗa. Na dubi 'yan adaidaita, duk sun zuba mini ido. Sai ƙarƙashin gadon Inna ya faɗo mini a rai. Na ɗaure igiyar shuɗin, na tattare hijabina, na zura da gudu har bakin kwalbati na juyo.

Wani ya ɗaga murya, "Hajiya, lafiya? Wa ya biyo ki?"

Na ce, "Suga ne, ɗan nan! In ka ga dama ka tare mini shi."

Wurin ya kwashe da dariya, ni kuma kunyar ta tafi ke nan. Shuɗin da daɗin taku, amma duk inda na taka tsakuwa sai idon sawuna ya karkace, kuma ina jin gefensa yana gogar yatsan nan. Na canza na sa mummunan, na sake rugawa, wannan karon har da masu tafa mini. Ƙafa ta zauna daram, yatsuna suka baje, na danna gaban na ji da sauran wuri. Shi na ɗauka, mai kaya yana ta mamaki. Maigida da ya gani ya ce wannan ai na masu gadi ne. Na ce to, gadin nake.

Tun daga nan, in na idar da Asuba gari ya fara haske, sai in ƙwanƙwasa wa Malama, mu bi ta Darmanawa mu zagayo. Wata rana gudu, wata rana gwiwa ta ƙi sai tafiya, amma fita kam sai na fita. In na dawo kuma sai na duba yatsuna ɗaya bayan ɗaya kafin in ɗora ruwan shayi.

Kwanan baya Malama ta ce soson takalmina ya mutu, lokacin canji ya yi. Na koma Gyadi-Gyadi da kaina, na sake rugawa har kwalbati. Da na dawo gida na ɗauki tsohon zan jefa a shara, sai na kifa shi na dubi ƙasansa, na daɗe ina kallo. Ban yar ba. Yana nan ƙarƙashin gadona, dama da hagu, duk sun cinye.