Haƙorin Makka na Gwaggo Malika

Duk wanda ya sayi ƙuli-ƙuli a layinmu na Sabon Gari ya san dariyar Gwaggo Malika kafin ya san sunanta. Ƙanwar babana ce, ita ta riƙe ni tun daga yaye, kuma ban taɓa ganin mace mai ɓarnar dariya irinta ba. Mai saye ya yi tayin banza, dariya. Akuya ta ture tire, zagi ɗaya, dariya biyu. Tana buɗe baki sai haƙorin Makka ya yi wal a sama ta gefen hagu.

Haƙorin nan yana da tarihi. Gwaggo ta daɗe tana kai man gyaɗa gidan wasu manyan 'yan kasuwa a unguwar Zariya. Da uwargidan, Hajiya Khaulat, ta tashi zuwa aikin hajji ƙafafunta sun yi nauyi, sai ta ce ba ta yarda da hannun kowa ba sai na Malika. Haka Gwaggo ta je Makka, ta yi ɗawafinta riƙe da tsohuwa. Wasu alhazai sun dawo da adakoki da hotuna. Ita ta dawo da ruwan zamzam, dabino ƙulli guda, da rigar zinari a kan haƙori ɗaya. Masu baƙin ciki na cewa ai rakiya ta je. Ba ta tanka musu, murmushi kawai take yi, haƙorin ya ba su amsa.

Shekarar da aka karya darajar kuɗinmu na sefa, gari ya rikice. Jam'iyyu na ta yawo da lasifika, ma'aikata yau yajin aiki gobe yajin aiki, magani ya yi tashin gwauron zabi. A nan ne dasashin da ke kewaye da haƙorin Makkan ya fara ja, ya ɗan tasa kamar ƙwayar wake. Wurin kaɗai, sauran bakin lafiya lau.

Ni na fara lura, don ta daina ɗanɗana ƙuli da wannan gefen. Na ce mu je asibiti. Ta ce ɓarɓashin ƙuli ne ya maƙale, ta sa tsinke ta yi ta sakata har jini ya fito. Ta tauna kanumfari, ta kurkure da ruwan kanwa, ta sayi jan-da-baƙin ƙwaya wajen masu tallar magani a tire. Ciwon ya lafa kwana biyu ya dawo da ƙarfinsa. Sai ta koma rufe baki da gefen mayafi, dariya ta ɗauke a gidanmu kamar wutar lantarki.

Na yi lallashi, na yi faɗa. Wallahi har kuka na yi. Ranar da na matsa mata ta dube ni ta ce, "Saudatu, ɗiyata, ni na san aikin lokotoro. Hidda shi za ya yi. Ba ni da hoto, ba ni da adaka. In anka hidda wanga, mi ya rage da za ya nuna na tahi?"

Kafin mako ya zagayo kumatunta ya haye har idon hagu ya ƙanƙance, masassara ta kayar da ita, bakin ma da ƙyar yake buɗuwa a zuba kunu.

Ranar kasuwa sai ga Baba Jibo daga garin Tsibiri a kan kekensa, da buhun gyaɗa a baya kamar yadda ya saba. Taubashin Gwaggo ne, tun suna yara ba su haɗuwa ba a yi tsiya ba. Na tare shi a zaure na faɗa masa komai, ina roƙonsa yau dai ya bar wasa. Ya ce to. Ya shiga ya tsuguna, ya daɗe yana kallonta.

"Malika, goro nawa kinka ɓoye cikin kumatun ga, ba ki sammani?"

Na ji kamar in kwaɗa masa muciya. Gwaggo ta harare shi da idon da ya rage.

"An ce mani kin hi son ki mutu da haƙorinki," ya ce. "To madalla. Amma ke da kike wankan gawa a unguwar ga, ki gaya mani, mi ake fara yi ma mamaci? Ba haɓa ake ɗaure mai ba? Wa za ya ga zinarin? Ko mala'iku kike jin za su ce buɗe mu duba?"

Sai na ga kafaɗun Gwaggo na rawa. Dariya ce ta taso, ciwo ya tare ta, hawaye suka zubo. Ta miƙo mini hannu ta ce in ɗauko mata mayafi.

Mun tarar da asibiti fayau saboda yajin aiki. Wani mai gadi ya nuna mana ɗaki ɗaya da ke buɗe, inda wani lokotoron haƙori mai suna Chaibu yake duba waɗanda abin ya tsananta musu, ga shi shi ma rabonsa da albashi an kwana biyu. Bai yi mata faɗa ba. Ya tsaga kumburin, mugunya ta fita, ya ba da magani, ya ce mu dawo in ya saɓe. Da muka koma ya zare rigar zinarin, sai ga haƙorin ciki ya ruɓe ƙurmus. Ya cire shi, ya wanke zinarin tas, ya miƙa mata da hannu biyu ya ce, "Ga tsarabarki, Hajiya." Har gobe in na ɗaga hannu ina sa mutumin nan a addu'a.

Ta warke, amma ta fito wajen sana'a da mayafi a baki. Kasuwa ta sake zagayowa, Baba Jibo ya jingine keke, ya ƙwala kira tun daga bakin layi: "Ina Hajiya mai giɓi?"

Mayafin ya zame. Ta yi dariya har tana dafa tire, giɓin a waje, kowa na gani. Da ta nutsu ta jawo ni ta ce, "Kin ji ja'irin? Duk tsiyarshi bai iya hidda Hajiyar ba."

Ta yi shekaru bayan nan, ta aurar da ni, ta goya 'ya'yana, ta koya wa babbarsu murza ƙuli. Zinarin yana ƙulle a bakin zanenta, mai son gani sai ta kwance ta nuna masa. Ranar da ta cika ni aka ba tsummar ɗaure mata haɓa. Ina ɗaurawa maganar Baba Jibo ta faɗo mini, na gode wa Allah da bai sa na yi wannan aikin tun a waccan shekarar ba. Na ja ƙullin a hankali, ta gefen da ya taɓa kumbura.