Tawul ɗin Baffa

Baffana, yayan mahaifina, yana da magana ɗaya da idan ya faɗe ta a kan mutum to ya gama da shi: "Ɗan otal ne." A Jajaye ta wancan zamani, cikin shekarun alif ɗari tara da casa'in, otal a kunnen dattawa ba wurin kwana ba ne, wurin giya ne da goge da matan banza. Shi kuwa Baffa fatoma ne, mai saukar da fatake. Duk mai sayen shanu ko gyaɗa da ya shigo yankinmu, a shigifarsa yake kwana, daga tukunyar gidansa yake ci. Yakan faɗa a gaban kowa cewa ƙafarsa ba ta taɓa taka ƙofar otal ba, kuma ba za ta taka ba har a kai shi makwanci. A cikin duk abin da ya mallaka, babu wanda yake ji da shi kamar wannan magana.

Babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, ya samu shago a Kantin Kwari, ya fara zuwa Tailan sarin yadi, daga nan ba mu ƙara samun sakat ba. Ko ruwa ka ba shi sai ya gaya maka yadda ruwan Bankok yake. Da yanar ido ta hana Baffa gani, kowa ya ce a kai shi Kano, inda ake kai duk tsofaffin ƙasarmu su dawo suna gani. Yaya ya ce ina, ubansa ya wuce nan. Ba idon ne ya dame shi ba, so yake a ce a Karaye da Rogo wane ya fitar da tsohonsa waje. Ni kuma ina koyarwa a firamare a Rogo, hutu ya zo, ga shi Turancin Yaya bai wuce na ƙidaya da "rage mini" ba, sai aka ɗauke ni tafinta.

Ashe ma ba Bankok ɗin za mu tsaya ba. Daga filin jirgi muka shiga doguwar mota zuwa wani gari na lardi, inda masaƙar da Yaya yake saye take, kuma inda asibiti ya fi araha. A cikin motar ya matso kusa da kunnena.

"Malam, ka riƙe bakinka. Inda za mu sauka gidan abokin cinikina ne. Idan ka kuskura kalmar nan ta fito, tsohon nan a titi zai kwana."

Na ce, "Yaya, ƙarya za mu yi wa makaho?"

"Dabara ce," in ji shi, ya gyara agogonsa.

Otal ne na zamani, irin wanda aka gina don talaka ya ji kamar ya isa. Bene hawa uku, an shafe shi da fenti ruwan hoda, ƙasa duk tayil mai santsi. A bakin ƙofa furannin roba sun sha ƙura. Yarinyar da ke karɓar baƙi tana da murmushi wanda take kunnawa idan ka matso, ta kashe da zarar ka juya baya, na gwada ta har sau da yawa don in tabbatar. Aka miƙo mana mukulli ɗaure da guntun katako, wai kada baƙo ya gudu da shi. Tun daga nan na san darajar da muke da ita a wurin.

Ɗakin kuwa tagarsa ba ta buɗuwa. Esi yana kaɗawa yana tari, kafet yana warin tsohuwar sigari, talabijin a manne a sama ba ya nuna komai sai dambe. Sabulun da suka ajiye bai fi dunƙulen magi ba. Babu buta, babu tabarma, babu wanda ya san inda alƙibla take, sai da na fita na nemi rana. Akwai wani ɗan firij a lungu, na buɗe na tarar da kwalaben giya a jere. Kafin hannun Baffa ya kai wurin da lalube na kwashe su a rigata na jibge a bakin matakala.

Baffa ya zauna a bakin gado ya shafa zanin, ya ce, "Masha Allahu. Mutumin nan yana da baƙi da yawa, ina jin takunsu. Ya fi ni. Ku kai ni in gaishe shi."

Yaya ya ce maigidan ya yi tafiya, sai ya dawo. Da gari ya waye shi ma ya tafi masaƙa, ya bar ni da tsoho.

Abin da dabarar Yaya ba ta hango ba shi ne abinci. Baffa yana zaune yana jiran akushi daga cikin gida, domin haka shi yake yi wa baƙinsa, kafin su sauke kaya an kawo ruwa, kafin su gama alwala an kawo tuwo. Rana ta take, shiru. La'asar ta yi, shiru. Ya ɗan gutsuri ƙuli-ƙulin da ya zo da shi ya kora da ruwa. Na ce bari in fita in sayo mana wani abu.

"Kul," in ji shi. "Ina gidan mutum in aika kasuwa a sayo mini abinci? So kake maƙwabtansa su ce ya kasa ciyar da baƙo? Wataƙila matan ne ba su san mun iso ba. A yi musu uzuri."

Haka aka sake wayewa. Akwai ɗakin cin abinci a ƙasa, amma ko da zan iya saukar da shi, na leƙa na ga naman da suke soyawa, na fito ban ƙara waiwaya ba. Da muka je asibiti, likitan da zai yi aikin ya riƙe hannun Baffa ya ce mini tsohon nan ba shi da ƙarfi, idan bai ci ba ba za a taɓa idonsa ba. Na gaya wa Yaya. Ya ce in lallashe shi, shi yana da kaya a gabansa. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau kuma idan na tuna yana ɓaci.

Na fita na bi titi har na hango wani ƙaramin masallaci. A gefensa wata mata mai lulluɓi tana sayar da shinkafa rawaya da kaza. Na yi mata sallama ta amsa, na saya. Na dawo otal na karɓi faranti da tire, na juye, na rufe da wani farantin. Sannan na tsaya a ƙofar ɗakinmu na ƙwanƙwasa kamar baƙo.

"Baffa, ga shi daga cikin gida. Sun ce a yi haƙuri, ba a sanar da su ba ne."

Fuskarsa ta saki. "Ba na gaya maka ba? Ka ce an gode, Allah ya ƙara buɗi." Ya wanke hannu ya ci har ya suɗe yatsu, ya ce matar gidan nan ta iya girki, sai dai hannunta yana da nauyi a sukari.

Kullum haka muka yi, safe da rana da yamma. Aka yi aikin ido lafiya, aka dawo da shi da bandeji. Matan da ke shigowa shara ya ɗauka 'ya'yan maigida ne, yana yi musu addu'ar samun miji nagari, su kuma suna haɗa tafin hannu su sunkuya su wuce da tsintsiyarsu. Da aka kwance bandejin ya fara gani, sai ya bi ɗakin da kallo yana yaba komai, har furannin roba. Rubutun boko bai taɓa shiga kansa ba, ajami kaɗai ya sani, don haka allon da ke bakin ƙofa bai ce masa komai ba.

Amma ya kafe ba zai bar garin ba sai ya ga mai masaukinsa. Da Yaya ya rasa mafita sai ya jawo manajan otal ɗin, wani matashi mai farar riga, ya ce babban ɗan maigida ne. Baffa ya miƙe tsaye saboda shi. Ya gaishe shi da gajiya, da iyali, da ɗawainiya, ya tambayi lafiyar mahaifinsa da ta iyayensa mata, ya tambayi damina. Ni ina juyawa. Manaja yana duban agogon bango, amsarsa ɗaya ce, babu damuwa, babu damuwa. Ni kuwa na riƙa ɗinka masa riga da wando: na ce ya ce gidan nan gidanka ne, ya ce mahaifinsa ya yi baƙin cikin rashin ganinka. Baffa ya kwance ƙullin goron da ya ɗauko tun daga Karaye, farare manya, yana yayyafa musu ruwa kullum, ya ba shi da hannu biyu.

"Ka gaya wa mahaifinka ina da ɗaki a Jajaye. Duk ranar da ya zo, nasa ne."

Da muka zo fita na ga goron a kan teburin karɓar baƙi, an zube shi cikin farantin tokar sigari. An ciji ɗaya an ajiye. Na tsaya ta wannan gefen na kare farantin har Baffa ya wuce.

A filin jirgi Yaya ya buɗe jakarsa neman fasfo, sai ga farin tawul ɗin otal ya leƙo, mai shuɗin rubutu a gefe. Mutumin da ya yi sarin yadi cike da kwantena, shi ne ya saci tawul. Baffa, da sabon idonsa, ya tambaya na mene ne. Yaya bai ko ƙifta ba ya ce, "Au, na manta, Baba. Sallamarka ce, maigida ya aiko a ba ka." Baffa ya karɓa ya shafa, ya ce mutumin kirki ko ba ya nan ana ganin alamarsa.

Da muka dawo ya sa aka yi wa shigifa sabon yaɓe, aka shafa farar ƙasa, aka sayo gado, don kada abokinsa na Tailan ya zo ya ga kasawa. Tawul kuwa ya zama abin kafaɗarsa. Da shi yake zuwa masallacin Juma'a, da shi yake zuwa suna da jana'iza. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji labarin mutumin da ya ciyar da shi bai taɓa ganinsa ba.

Wata ranar kasuwar Karaye na raka shi kara, wurin cinikin shanu. Muna zaune a rumfa da dillalai, sai ga wani tsohon malamin dabbobi, abokin wasansa, ya zo ya gaisa. Ya kama gefen tawul ɗin ya ƙura masa ido, sannan ya yi dariya.

"Alhaji, ashe kai ma an shiga gari? Tawul ɗin otal a kafaɗa, da rana tsaka?"

Dillalai suka yi dariya, domin duk sun san maganar Baffa, wasu ma a kansu ya taɓa faɗarta. Baffa bai yi ba. Ya sauke tawul ɗin ya shimfiɗa a gwiwarsa, ya juyo gare ni.

"Malam, kai ka yi boko. Karanta mini."

Na duba. Rubutun Tailan a sama, na boko a ƙasa, manya-manya. Na ce, "Otal aka rubuta, Baffa."

"A nan na kwana?"

"A nan."

Ya ce, "Shinkafar fa?"

"Ni nake sayowa a gefen masallaci."

"Yaron da na ba goro?"

"Ma'aikaci ne, Baffa. Albashi ake biyansa."

Ya daɗe yana duban tawul ɗin. Sannan ya ce, "Wannan ma ba ba ni aka yi ba ke nan." Ya naɗe shi a hankali ya sa a aljihun babbar riga, ya ce wa malamin dabbobi, "Ka yi gaskiya, ka fi ni ido." Ya tashi bai sayi komai ba, muka hau mota muka koma Jajaye. Tausayinsa ya kama ni har na kasa dubansa.

Da Yaya ya zo gida ya fara kame-kame, wai otal ɗin can ba irin na nan ba ne, wai manyan mutane ne ke sauka. Baffa ya bar shi ya gama, ya ciro tawul ɗin ya miƙa masa.

"Idan ka koma ka mayar wa masu shi. Ka ce tsohon da ya kwana a wurinsu bai sani ba."

Shigifar ta ci gaba da karɓar fatake, gadon nan ma wani mai sayen gyaɗa ne ya fara kwana a kai. Amma daga ranar har Baffa ya rasu ban ƙara jin ya ce da kowa ɗan otal ba. Idan aka kawo masa ƙarar wani lalatacce sai ya ce Allah ya shirya, ya sunkuyar da kai.

Bayan wani lokaci na shiga Kano na biya ta shagon Yaya. Na tarar da shi a bakin titi yana ba maƙwabtansa labarin yadda ya kai tsohonsa waje, yana goge gilashin motarsa da tawul ɗin.