Zaman Asabar a Bayan Shagon Walda

Maigidana masunci ne, ya taso yana jan taru a kogin Argungu, kuma babu wanda ya san nauyin hannunsa kamar ni. In ya sha ogogoro ya shigo, duk abin da ya tarar shi yake duka: ƙofa, tukunya, ni. Haƙorina na gefen hagu a tsakar gida na tsince shi. Ina sonsa, ina kuma addu'ar kada ya dawo, duk a zuciya ɗaya.

Yayyena biyu manoman albasa ne a Gulma, kuma ba su iya lallashi ba. Duk sanda na je gida da kumburarriyar fuska, sai su hau babur su tare shi a bakin ruwa. A na ƙarshe suka karya masa hannu. Babban yayana ya ce in ya ƙara kai kwalba baki, sai ya sake ni ko yana so ko ba ya so.

A wurin ɗori ne wani dattijo, tsohon direban babbar mota, ya ji warin bakinsa ya ja shi gefe. Ya ce suna zama duk Asabar bayan la'asar a Badariya, cikin Birnin Kebbi, a wani ɗaki bayan shagon walda. Mashaya ne zalla masu son bari. Kowa ya faɗi yadda makonsa ya wuce, ba wa'azi, ba bulala, kuma wanda ka gani a can ba ka faɗin sunansa a waje. Duk wannan daga baya na ji. A lokacin abin da na sani, maigidana ya tsiri shiga mota zuwa Birni ran Asabar, in na tambaya ya ce wani aiki ne. In ya dawo nakan matsa da sunan karɓar hula in shinshina bakinsa. Goro kawai nake ji, amma na daɗe da daina yarda da hancina.

To a ƙasarmu mutum ba ya ɓuya, ko ba a san sunanka ba an san gidanku. Aka kai wa yayyena labarin an gan shi yana shiga wani lungu tare da mutanen da aka sha tsinta a kwata. A wurinsu magana ta ƙare: mashaya sun rufe ƙofa, me za su yi in ba sha ba? Suka zo suka ɗauke ni.

"Taho ki gani da idonki," in ji babban, "kada gobe ki ce mu munka kashe miki aure."

Da ƙafa ya buɗe ƙofar. Maza ne a kan benci, kowa da kofi a hannu, jan abu a ciki. Bai tambayi kowa ba, ya kai gora. Dattijon ta fara samu a goshi, jini ya gangaro cikin furfurar gemunsa. Ƙaramin yayana ya shuri bokitin da ke tsakiya, abin ya watsu a zanina. Na kai hanci. Zoɓo ne, har da citta. Na yi ta faɗa musu zoɓo ne, ba wanda ya ji ni.

Masu walda suka shigo da rodi, maƙwabta suka cika ƙofa suna leƙen fuskoki. Ina ji ana cewa ashe wane ma yana ciki. Wani mai farar riga ya durƙusa a kusurwa yana rufe fuska da hula, ana dukansa bai ko kare kansa ba.

Sai maigidana ya miƙe. Da lafiyayyen hannunsa ya shaƙe babban yayana ya haɗa shi da bango, har ƙafafunsa suka bar ƙasa. Idon yayana ya firfito, harshe a waje. Na san wannan fuskar ta maigidana, na san kuma ba ta tsayawa.

Dattijon, daga inda yake kwance, ya ce, "Sake shi, ɗana. In ka kashe shi, kwalba za ka biɗa kahin magariba."

Ya sake shi. Yayana ya yi tari, ya lalubi gorarsa, ya zabga masa a baki. Maigidana ya mayar da hannu baya ya tsaya. Yayana ya ƙara masa. Na shiga tsakani, na ce duk wanda ya sake ɗaga sanda ya fara da ni, kuma ni ba inda za ni. Haƙorin maigidana na nan a ƙasa cikin zoɓo, na duƙa na ɗauka.

Mai ɗakin ya sa kwaɗo a ranar. Yawancin mutanen nan ba su sake haɗuwa ba tunda an ga fuskokinsu, kuma mai farar rigar nan na ji ya koma sha. Har yau ban yafe wa yayyena wannan ba.

Da muka sauka a Argungu, hanyar gida ta bi ta bakin lungun da ake sayar da ogogoro a ɓoye. Ya tsaya cak, jini na ɗiga a rigarsa. Ya miƙo mini hannun nan da na fi sani.

"Riƙa ni," ya ce, "har mu wuce."