Jatau Mai Rijiya da Allurar Gwajin Zuciya

Da wuya ka samu gida a Furfuri da bai taɓa shan ruwan rijiyar da Jatau ya haƙa ba. Ba gadon sana'ar ya yi ba. Mahaifinsu manomi ne, ya rasu ya bar masa ƙane ƙarami mai suna Bashar da gonar da hatsinta ba ya kai su bazara. Sai Jatau ya riƙa bin wani tsohon mahaƙi da rani yana janye masa ƙasa, har ya iya shiga ramin da kansa. Da wannan aiki ya auri Suwaiba, da shi ya riƙe Bashar a makaranta har ya samu aikin ofis a Gusau, ya tare a Sabon Gari.

Wata shekara a Bungudu bakin rijiya ya rufta, dutse ya daki gwiwarsa. Mai ɗori ya yi iya yinsa, ƙafar ta warke a karkace. Jatau ya ci gaba da shiga rami da ɗingishinsa. Mutum ne marar yawan magana, ba ya shan taba, ba ya zaman majalisa. Abu ɗaya da ya sani na jin daɗin duniya shi ne goro. Tun yana saurayi yake saka ɓari a kunci kafin ya sauka, don yana kashe masa yunwa.

Da furfura ta fara cin gemunsa sai wani ciwo ya same shi. In ya hau igiya zai fito, sai ya ji kamar an aza masa dutsen niƙa a ƙirji, nauyin ya gangara hannun hagu. In ya zauna ya huta sai ya lafa. Bai gaya wa kowa ba. Suwaiba ce ta lura yana dawowa gida yana dafe bango, ta kira Bashar a waya.

Bashar ya kai shi wani asibitin kuɗi a Gusau, inda likitan zuciya ke zuwa lokaci-lokaci. Likitan ya saurare shi da kyau, ya ce, "Baba, zuciya tana ɓoye ciwonta in mutum na kwance. Sai tana aiki ake gane ta. Da ƙafarka lafiya take, da mun sa ka tafiya a kan inji. Tunda ba hali, akwai allurar da za mu yi maka. Tana buɗe hanyoyin jinin zuciya kamar kana cikin aiki, mu kuma muna kallo a na'ura. In akwai inda ya toshe, zai nuna."

Ya tambaye shi ko yana da asma, ko yana yawan suma, domin allurar ba ta dace da masu irin wannan ba. Jatau ya ce babu. A bakin ƙofa wata ma'aikaciya ta ce musu tun ana gobe gwaji kada ya sha shayi, ko kofi, ko lemon kwalba, kuma ya zo bai karya ba. Bashar yana amsa waya, ya gyaɗa kai.

Jatau ya kiyaye kamar umarnin malami. Ko ƙamshin shayi bai yarda ya tsaya kusa da shi ba. Da safen gwajin yunwa ta dame shi a mota, sai ya yi abin da ya saba, ya ɓare goro yana taunawa har Gusau. A ƙofar asibiti ya tofar, ya kurkure baki don kada ya shiga gaban likita da ƙazanta.

Aka kwantar da shi, aka manna masa wayoyi a ƙirji, aka sa allura a jijiyar hannu. Likita ya ce zai iya jin zafi a fuska, ko ƙirji ya ɗaure, ko numfashi ya yi gajere, kada ya tsorata, yana wucewa da sauri, kuma ga maganin da ke karya allurar a ajiye. Jatau ya jira. Bai ji komai ba.

"Ban ga abin tsoro ba," in ji likita yana murmushi. "Wataƙila olsa ce."

A waje, kafin su kai bakin titi, Bashar ya ce, "To, Yaya, ka ji da kunnenka. In aikin ne ya ishe ka, ka faɗa mini kai tsaye, ba sai mun yi ta yawon asibiti ba."

Jatau ya dube shi, ya wuce gaba. Maganar ta riga shi isa Furfuri. Aka fara cewa ya ga ƙanensa ya samu wuri, yana neman ya miƙe ƙafa a ci da shi. Wani ma a gaban masallaci ya tambaye shi yaya ciwon masu kuɗi.

"Malam, ni nake kwana ɗaki ɗaya da kai," in ji Suwaiba. "Na san abin da nake gani. Kada ka koma rami."

"Na'ura ta ce lafiyata lau," ya ce. "Mi kike so in ce wa mutane?"

Ya karɓi aikin yasar wata tsohuwar rijiya a wani ƙauye kusa da Tsafe. Da hantsi masu jan guga suka ji igiya ta yi shiru. Suka kira, ba amsa. Sai da wani ya sauka ya ɗaure shi a ƙugu aka jawo shi, jikinsa duk laka, gumi na zuba, leɓensa ya yi fari.

Aka garzaya da shi asibiti a Gusau. Ya rayu, amma wani sashe na zuciyar ya riga ya lalace. Likitan nan dai aka kira ya duba shi. Yana tsaye yana mamakin yadda gwaji ya fito fes, sai ya ji Jatau yana roƙon Suwaiba ta ba shi ɗan goro, bakinsa ba daɗi. Likita ya juyo.

"Baba, ranar gwajin nan ka ci goro?"

"Na ci. Shayi anka hana ni, ban kuwa sha ba."

Sai likita ya ce abin da ake gudu a cikin shayi da kofi yana nan cikin goro, shi ne ya tare allurar ta kasa aiki. Gwajin kamar ba a yi ba ne. Ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Ya kamata a ce mun tambaye ka."

Bashar na tsaye a ƙarshen gado. Suwaiba ta zuba masa ido tana jiran abin da zai ce wa yayansa. Sai ya tafa hannu ya ce, "Goro! Yaya, yanzu yini ɗaya ka kasa haƙura da goro? Dubi abin da ka jawo mana."

"Bashar, ka ji tsoron Allah," in ji Suwaiba. "Kai da ka yi boko kana wurin, mi ka ji?"

Jatau ya juya fuskarsa bango.

Bai sake shiga rami ba. Daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya ya huta. Ya ba wani maƙwabci digarsa da igiya, Suwaiba ta kama sana'ar ƙuli-ƙuli. Waɗanda suka yi masa ba'a suka riƙa zuwa duba shi suna cewa ai ciwo na Allah ne, ba wanda ya tuna ya taɓa cewa wani abu. Bashar yana aiko da magani ta hannun direban mota, amma in ya zo gari a tsaye yake gaisuwa.

Jatau ya rasu da kaka, bayan la'asar, ana sussukar gero a bayan gida. A zaman makoki Bashar ya zauna a kan tabarma yana gaya wa masu ta'aziyya irin manyan likitocin da ya kai shi. Suwaiba tana ciki cikin takaba, tana jin komai. Da ya zo yi mata sallama zai koma Gusau, ta amsa daga bayan labule, ba ta ce ya shigo ba.